Baba ya rasu a Jidda, banki ya rufe asusunsa: ta ina ake fara neman takardar gado?

Ɗan_Karantina:
Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana 12 da rasuwar mahaifinmu a nan Jidda. Shekara 19 ya yi yana jan babbar mota a wani kamfanin dakon kaya. Jiya na je banki da wakalar da ya yi mini bara, wato takardar wakilci, lokacin da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ma'aikacin ya taɓa kwamfuta, ya ɗago ya ce mini asusun a rufe yake, wakala kuma ta mutu tare da mai ita, in je in kawo sakkin hasrul warasa, wai takardar da ke ƙidaye magada. Na je kamfaninsu kan haƙƙinsa na ƙarshen aiki, su ma maganar ke nan. Ga kuɗin haya ƙarshen wata. A nan akwai mahaifiyata da mu huɗu, biyu maza biyu mata, ƙananan biyu shekararsu 14 da 9. A Kano akwai uwargidansa da Yayanmu da yayyenmu mata biyu, sai kakarmu da ta haife shi, tana raye. Ni ne babba a nan amma wallahi ban san inda ake dosa ba. Wanda ya taɓa bin hanyar nan ya taimaka mini.

UmmuHafsat:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya sa can ta fi masa nan, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

Direban_Haramaini:
Allah ya gafarta masa. Ƙanena, katin cirar kuɗinsa yana hannunka? In ka san lambar, gwada na'ura, wani lokaci katin yana ɗaukar kwanaki yana aiki. Ka cire abin da za ku biya haya ku ci abinci, sauran a bi a hankali.

Malam_Misfala:
Direba, ka ji tsoron Allah, kada ka jefa yaron nan a rami. Daga lokacin da rai ya fita, kuɗin nan ba na mamaci ba ne, ba kuma na wanda katin ke aljihunsa ba ne, na magada ne gaba ɗaya, har da 'yar shekara 9 da tsohuwar da ke Kano. Kuma banki yana da ranar rasuwa yana da ranar da aka ciri kuɗi, in Yayansu na Kano ya tashi da magana gobe, takarda ɗaya zai nema ta tona komai.

Ɗana, ga yadda abin yake. Farko shahadar wafati, wato takardar shaidar rasuwa. Asibiti ta ba ku sanarwa, amma cikakkiyar takardar daga Ahwal Madaniyya, ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, take fitowa, ka tabbatar kun karɓe ta. Da ita za ka nemi hasrul warasa, takardar da ke ƙidaye magada ɗaya bayan ɗaya: wane ɗa ne, wance mata ce, wance uwa ce. A da sai ka kwashi shaidu biyu da masu wanke shaidun ka tafi gaban alƙali a kotun Ahwal Shakhsiyya, wato kotun al'amuran iyali. Yanzu ta Najiz ake shigar da buƙatar, dandalin Ma'aikatar Shari'a, a sa bayanan mamaci da na kowane magaji da na shaidu. Abin da mutanenmu ba sa ganewa shi ne wannan takarda ba ta ba ka ikon taɓa ko riyal ɗaya. Tana faɗin su wane ne magada ne kawai. Ikon karɓa da sa hannu yana zuwa ne daga wakala, kowane baligi cikin magada ya wakilta mutum ɗaya, su kuma ƙananan a fitar musu da sakkin wilaya, takardar naɗa musu waliyyi. Hasrul warasa, wakala, wilaya: takardu uku ke nan daban daban, kada ka haɗa su.

Direban_Haramaini:
Malam na karɓi gyara. Ni dai tausayin haya ne ya sa na faɗa.

Ɗan_Karantina:
Na gode Malam. Katin ma ban san lambarsa ba. Amma wani abokin Baba ya ba ni shawara wai in rubuta mu na nan kawai a takardar don a yi sauri, tunda na Kano ba su da igama, wato katin izinin zama a Saudiyya, in kuɗi ya fito sai mu aika musu nasu. Ya ce haka ake yi.

Hajiya_Rusaifa:
Ɗana kada ka kuskura. Kada ka kuskura, na sake faɗa. Haka aka yi a gidan yayata a Makka. Mijinta ya rasu, yana da wata mata a Katsina da yara biyu, manyan 'ya'yan nan suka ce a bar sunansu a waje don kada abu ya ja, niyyarsu ma mai kyau ce a lokacin. Kuɗi ya fito, wannan ya ce bari in juya kafin a aika, wancan ya ce bikin ƙanwarmu ya matso. Shekara uku sai ga yaron Katsina ya zo Umra da takardar haihuwarsa da hoton ubansa riƙe da shi ranar suna. Ya shigar da ƙara, aka soke takardar farko, aka kira shaidun nan biyu, dattawa masu furfura, suna tsaye suna rawar baki. Ɗaya daga cikinsu har ya rasu bai ƙara taka gidan ba don kunya. Yau shekara nawa, 'yan uba ba sa gaisawa. Kuma ka duba, su wa za ka samu su shaida cewa babu wani magaji alhali duk unguwar Karantina an san Babanku yana da gida a Kano? Shaidar zur ce za ka sa bayin Allah su yi.

AbuFaisal_Kandara:
Hajiya ta gama magana. Rashin igama ba ya hana mutum gado, da fasfo ko katin shaidar ƙasarsu ake shigar da su. Abin da zai ba ka wahala shi ne wakalarsu, don ni na bi ta kan ƙanen mahaifina. Sai sun yi ta a can Najeriya, a buga mata hatimin Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin Saudiyya ya yi mata tasdiƙi, wato ya tabbatar da ita, akwai ƙaramin ofishinsu a Kano. In ta iso nan a kai ta ofishin fassara mai lasisi in ba da Larabci aka rubuta ba, a kuma bi da ita ta Harijiyya, Ma'aikatar Harkokin Wajen Saudiyya. Shawarata, ka sa wanda ya san aikin a nan ya rubuta maka lafazin wakalar da Larabci ka tura musu, a ambaci komai da sunansa: karɓar kuɗi daga banki, rufe asusu, karɓar haƙƙi daga kamfani, sayar da mota, tsayawa a kotu. Mu tamu ta farko an rubuta "ya kula da duk al'amuran gado" kawai, banki ya ce bai ga kalmar karɓar kuɗi ba. Haka muka mayar da ita Kano aka sake zagayen daga farko, wata biyu suka tafi a banza.

Sai sunaye. Wayyo sunaye. A igama Baffa Muhammad Sani Abdullahi ne, a takardar makarantar ɗansa an rubuta Sani Abdu, a fasfon matarsa kuma sunan garinsu aka liƙa a ƙarshe. Mu mun san mutum ɗaya ne, mai duba takarda bai sani ba. Tun yanzu ka ce su turo maka hoton duk takardunsu ka jera su a ƙasa ka gwada harafi da harafi.

Badamagare:
Mu na Nijar namu da ɗan bambanci. Can sai an yi zaman dangi an rubuta, a kai kotu ta tabbatar, a fitar da takardar magada, duk da Faransanci. To fassarar ce ke cin kuɗi a nan. Amma zagayen hatimi ɗaya ne, Yamai sannan ofishin jakadanci.

UmmuHafsat:
Tambaya Malam, ita mahaifiyarsu tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma. Ya za ta yi da zuwa kotu kan wilayar yaran?

Malam_Misfala:
Mai takaba tana fita don lalura da rana ta dawo ta kwana a ɗakinta, malamai ba su hana wannan ba. Balle yanzu yawancin abin ta waya ne, in tana da Absher da Nafaz, manhajojin gwamnati na waya, tana iya yi wa ɗanta wakala tana zaune a kan tabarmarta. Game da wilaya, dokar Ahwal Shakhsiyya da aka fitar a 2022 ta jera su: uba, sannan wanda uba ya yi wa wasicci, sannan wanda kotu ta naɗa. In Baba bai bar wasiyyi ba, kotu na iya naɗa uwar, kuma ana yin haka sosai. Sai dai waliyyi ba mai dukiya ba ne, mai tsaro ne. Ba ta da ikon yafe kason yaran ko ta ce ta bar wa wani, ko da kakarsu ce. Akwai ma hukuma guda ta gwamnati da aikinta shi ne riƙe dukiyar marayu da waɗanda ba a san inda suke ba, in babu mai tsaya musu.

BaMaiurno:
Allah ya jiƙan mahaifinka ɗan'uwa. Ku gode wa Allah kuna da inda za ku je a buga muku hatimi. Mu a Sudan i'ilam shar'i muke ce wa takardar, kotun Ahwal Shakhsiyya ke bayarwa, da shaidu biyu kamar nan, a ƙarƙashin dokar 1991. Kawuna ya rasu a Riyad bayan yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Magadansa wasu suna Maiurno, wasu sun gudu Gadarif, ɗaya tana Kasala, ɗaya ya tsallaka Masar. Takardun gidan kuma an baro su a Khartum cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, ba wanda ya isa ya koma ɗauka. A lokacin kowace takarda sai an bi ta Port Sudan tunda can ma'aikatu suka koma. Kafin mu haɗa wakalar mutum bakwai, ɗaya daga cikinsu ta rasu, aka koma neman takardar magadanta ita ma.

Malam_Misfala:
To ka ji abin da nake so in ja hankalinka a kai, Ɗan Karantina. Ka ce kakarku tana raye. Tana da sudusi, ɗaya bisa shida na duk abin da ɗanta ya bari. Allah ya ƙara mata lafiya, amma tsohuwa ce. In ta riga ku kafin a gama, kasonta ba ya dawowa gare ku, yana tafiya ga nata magadan, wato baffanninku da gwaggwanninku, kowannensu kuma sai an nemi wakalarsa. Shi ne malaman gado ke kira munasaha. Don haka wakalar tsohuwa ita ce ta farko da za a nema, a kuma yi sauri.

Bari in buga maka misali don ka ga hoton. A ce bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, riyal 120,000 ya rage. Matan biyu suna da sumuni, ɗaya bisa takwas, 15,000, kowacce 7,500. Kaka 20,000. Saura 85,000 na 'ya'ya, maza uku mata huɗu, namiji rabon mata biyu, kashi goma ke nan: kowace mace 8,500, kowane namiji 17,000. Ka ga uwargidan Kano da mahaifiyarka daidai suke, ba ruwan shari'a da wadda ta yi jinya ko wadda ta fi daɗewa.

Gimbiyar_Sabil:
Malam a nan ne fa zuciya ke tafasa. Mace ta yi shekara 20 tana dafa abincin sayarwa a unguwar Sabil, tana sa kuɗinta a hayar gida da kayan ɗaki, ranar rabo a ce 7,500. Firjin da ta saya da guminta ma a lissafa shi cikin gado.

Malam_Misfala:
Ba a lissafa shi, Hajiya. Abin da ta saya nata ne, ba ya shiga tarika, wato dukiyar da mamaci ya bari. In ta ranta masa kuɗi ko akwai ragowar sadaki, bashi ne, ana biyanta kafin a raba komai, sannan ta karɓi sumuninta a kai. Matsalar ita ce matanmu ba sa ajiye rasit, kuma kunya ba ta barinsu su ce miji na riƙe musu kuɗi.

Gimbiyar_Sabil:
Wace mace ce za ta ce wa mijinta sa mini hannu a takarda? Sai a ce ta fi ƙarfin gidan.

Direban_Haramaini:
Ni dai tawa tana rubutawa a littafi, har kuɗin gas.

Akawun_Sana'iyya:
Mu dawo kan maganar kamfani, don nan ne kuɗin yake. Dokar ƙwadago ta ce haƙƙin ƙarshen aiki rabin albashin wata ne a kowace shekara cikin biyar na farko, sannan cikakken albashin wata a kowace shekara bayan haka, kuma da albashin ƙarshe ake lissafi. In albashin Baba 3,000 ne misali, biyar ɗin farko 7,500, sha huɗun da suka biyo 42,000, jimla 49,500. Ban da albashin watan da ya rasu da kuɗin hutun da bai ci ba. Ka nemi kwantiraginsa ka yi lissafinka a gida kafin ka shiga ofishinsu. Kada ka sa hannu a takardar da ke cewa kun karɓi duk haƙƙinku sai ka ga adadin ya yi daidai. In suka fara ja maka rai, akwai sulhu a ofishin ƙwadago, in bai yiwu ba kotun ma'aikata, kuma kada ka bari shekara ta zagayo, ƙarar ƙwadago tana da wa'adin wata 12. Abu ɗaya mai daɗi, ƙasar nan ba a cire harajin gado.

Ka kuma binciki ko yana da wani asusu da ba ku sani ba. Da takardar magada a hannu ana iya neman a duba ta Babban Bankin Saudiyya. Tsofaffin nan akwai ɓoye abu.

Ɗan_Karantina:
Akawu ka taɓo wani wuri. Akwai wata ƙaramar motar ɗaukar kaya da Baba ya saya yana ba wani yaro yana aiki da ita, amma da sunan wani Balarabe abokinsa aka yi istimara, wato rajistar motar. Ya zo gaisuwa har ya yi kuka, amma bai ce komai kan motar ba, ni ma ban tayar ba.

AbuFaisal_Kandara:
Hmm. Wannan a hankali. A takarda motar tasa ce, hasrul warasa ko wakala ba za su ƙwato ta ba. Kuma in ka ɗaga murya abin na iya komawa maganar tasattur, wato baƙo yana kasuwanci da sunan ɗan ƙasa, hukuncinta ya kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, kuma ba ta barin kowane ɓangare. Ka ɗauki dattijo ɗaya da suka saba, ku je gidansa bayan la'asar, a sha gahawa, a yi maganar amana da marayu. Da yawansu suna da tsoron Allah, zai sayar ya kawo kuɗin. In ya musa, ka tambayi lauya kafin ka ƙara ko kalma ɗaya.

Hajiya_Rusaifa:
Kuma a yi cigiyar bashi. Mutanenmu na nan rabin mu'amalarsu ba a rubuce take ba: adashi, ajiyar alhazai, kayan da 'yan Kwari suka aiko a sayar, kuɗin da aka ba shi ya kai gida. A sanar a masallacin unguwa, a sanar a Kano. Ran mumini yana rataye da bashinsa har a biya. Lokacin maigidana, wata tsohuwa ta zo da ƙullin leda da takarda ta ce riyal 400 ya ba ta rance shekara shida da suka wuce, ba wanda ya sani sai ita. Wani kuma da muka san yana riƙe da dubbai har yau ko sallama.

Ɗan_Fagge:
Ina karantawa daga Kano. Ku sani takardarku ta Saudiyya ba za ta buɗe asusun banki a nan ba kai tsaye. Bankunan Najeriya takardar izinin kula da dukiyar mamaci suke nema, wadda sashen gado na Babbar Kotun jiha ke bayarwa, rabon gida da fili kuma kotun shari'ar Musulunci. Kenan in Baba yana da gida a nan, Yayanku shi ma zai buƙaci wakalarku daga can, ta ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi yana riƙe da gida, kai kana riƙe da riyal, kowa na tsoron ya saki nasa. Gara ku yi magana tun yanzu a gaban wani babba, a rubuta dukiyar can da ta nan a takarda ɗaya.

Ɗan_Karantina:
Akwai gida a Kurna, uwargidan ce a ciki. Gaskiya rabona da Yaya tun ina shekara 10.

UmmuHafsat:
To kai za ka kira shi, kai ne ƙarami. Ka fara da gaisuwa da tambayar jikin Hajiya kaka, kada ka fara da takarda.

Mu'aggib_Bawadi:
Duk wanda ke son a gama masa hasrul warasa cikin kwana uku ya yi mini magana ta akwati. Farashi mai sauƙi.

AbuFaisal_Kandara:
Ga su nan sun iso. Ɗan'uwa, shigar da buƙatar a Najiz da kanka za ka yi da wayarka. Kada ka ba kowa lambar sirrin Absher ɗinka ko ta mahaifiyarka, da ita ake yin wakala da sunan mutum bai sani ba.

Gimbiyar_Sabil:
Ba wanda ya yi maganar igama. Igamar uwar da yaran a kan ta Baba take rataye. Wannan ya fi kuɗin banki gaggawa a wurina. Ku duba ranar ƙarewarta yau ɗin nan, ku je Jawazat, ofishin fasfo da igama, ku ji matsayinku tun tana da rai.

Malam_Misfala:
Gaskiya ne. Batun haya kuma da Direba ya damu da shi, wanda ya biya daga aljihunsa ya ajiye rasit ya sanar da sauran magada a rubuce, ko da saƙon waya ne, don a san yadda za a yi da shi ranar rabo. Mu kuma 'yan zauren nan ba a rasa abin da za mu haɗa.

Direban_Haramaini:
Na sa 200. Malam ya karɓa ya miƙa.

BaMaiurno:
100 daga gare ni.

Ɗan_Karantina:
Jama'a Allah ya saka da alheri, ban san me zan ce ba. Na kira Yaya daren jiya, mun fi awa muna magana, ya yi kuka na yi kuka. Ya yarda zai kai Hajiya kaka a fara tata wakalar ranar Litinin, ni kuma na karɓo shahadar wafati da safen nan. Sai dai ya turo hotunan takardunsu kamar yadda AbuFaisal ya ce, na jera su. Kaka ba ta da fasfo, ba ta da katin ɗan ƙasa, abin da take da shi katin zaɓe ne kawai, kuma shekarar haihuwar da aka rubuta mata a ciki ta nuna ta girmi Baba da shekara tara.

AbuFaisal_Kandara:
Shekara tara! To a bar katin zaɓen nan a aljihu, kada ya shigo Jidda. Su fara kai ta a yi mata NIN, lambar ɗan ƙasa, da shekarun da hankali zai ɗauka, da takardar rantsuwar kotu kan shekarunta, sannan fasfo. Tana iya zama a mota zuwa ofishin, ko sai an ɗauko ta?

Ɗan_Karantina:
Tana takawa da sanda. Bari in tambayi Yaya.